Katangar Detroit da gadar Kaduna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina game da makalar da kuka buga kwanakin baya a kan Amurka ta shekarun 1950. Marubucin, Allah ya ƙara masa basira, ya zana mana ƙasar tamkar aljannar duniya: masana'antu na ruri dare da rana, lebura na sayen gida da mota da albashinsa, gwamnati na shimfiɗa tituna kamar tabarma. Ya rufe da cewa in Kaduna na son farfaɗowa, can ya kamata ta duba. Jikana ne ya karanto mini ita daga wayarsa bayan isha'i, don idanuna sun daina ɗaukar ƙananan baƙaƙe. Da ya kai ƙarshe sai ya dube ni ya ce, "Tsoho, ashe tun kana wasan ƙasa mutanen nan suka gama gyara ƙasarsu." Na yi dariya, amma maganar ta kwana da ni. Shi ne yau na zaunar da shi, ina faɗa yana bugawa. In kun ga kuskuren rubutu, nasa ne.

Ni ba malamin jami'a ba ne. Shekara talatin da ɗoriya na yi a sashen saƙa na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, na kuma daɗe ina riƙe da muƙami a ƙungiyarmu ta ma'aikata. Wanda ya fara haɗa ni da labarin Amurka wani malami ne da aka turo makarantarmu ta sakandare a 1965, cikin matasan nan 'yan sa-kai da shugaba Kennedy ya kafa shirinsu a 1961. Baƙar fata ne, dogo, mai yawan gumi, tuwo ma sai da cokali yake ci. Mu yara a zatonmu duk Ba'amurke Bature ne, har wasu suka rantse mutumin Gana ne yake ɓoyewa. Wata rana wani ɗan ajinmu ya tambaye shi yadda gidansu yake a can. Ya yi jim, sannan ya ɗauki alli ya zana garinsu Detroit a allo, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe ta arewa. Ya ce mahaifinsa ya je yaƙi ya dawo, yana aiki a kamfanin mota, yana da kuɗin sayen gida a ƙetaren layin nan, amma babu mai sayar masa. Muka dubi juna. Yaya mutum zai zo da kuɗinsa a hannu a ce albarka, ba don tayin ya yi kaɗan ba? Sai bayan shekara 35 na gane abin da yake nufi, kuma a nan Kaduna na gane shi.

Bari in fara ba marubucin haƙƙinsa, don abin da ya faɗa akwai shi. Amurka ta fito daga yaƙin Hitila masana'antunta ko ƙwarzane babu, alhali na Jamus da Japan sun zama toka, Ingila kuma bashi ya yi mata katutu. A 1950 ƙungiyar ma'aikatan mota, ƙarƙashin Walter Reuther, ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da kamfanin General Motors: ga fansho, ga rabin kuɗin inshorar asibiti, ga ƙarin albashi duk sanda kaya suka yi tsada. Mu 'yan ƙungiya a nan, a kwasa-kwasan da ake shirya mana, sunan Reuther muke ji yadda almajiri ke jin sunan manyan malamai. A tsakiyar shekarun nan, kusan ɗaya cikin kowane ma'aikaci uku ɗan ƙungiya ne. Marubucin bai taɓo wannan ba. Bai kuma faɗa mana cewa attajirin da kuɗin shigarsa ya haura wani mataki, abin da ya hau sama gwamnati na yankar kashi 91 cikin ɗari haraji ba, kuma a zamanin shugaba Eisenhower aka yi haka, wanda jam'iyyarsa ce ake wa kallon ta 'yan kasuwa. Masu cewa mu kwaikwayi Amurkar 1950 su gaya mana ko har da wannan suke nufi.

Sai dokar sojojin da suka dawo daga yaƙi, wadda shugaba Roosevelt ya sa wa hannu a 1944. Kusan mutum miliyan takwas gwamnati ta biya wa kuɗin karatu ko koyon sana'a, ta kuma tsaya musu a banki su ci bashin gida ba sai sun ajiye wani abin kirki ba. Ƙanen mahaifina ya je Bama a wannan yaƙin dai. Ya dawo da lambar girma da tarin da bai rabu da shi ba, ya ƙare rayuwarsa a gadi. Saboda haka ba sai an gaya mini darajar irin wannan doka ba. Wani magini mai suna William Levitt ya sayi gonakin dankali a Long Island, kusa da New York, daga 1947 zuwa 1951 ya gina gidaje sama da 17,000. Yadda ake haɗa mota haka ya yi ginin: wannan ayari aikinsa zuba daɓe kawai, wancan kafa katako, wancan fenti, har sukan kammala gida 30 a yini. Kuɗin gida bai kai dala 8,000 ba, da firji da murhu a ciki. Saurayi ya sauko daga jirgin yaƙi, ya yi aure, ya karɓi makulli.

To amma a takardar gidan akwai sharaɗi rubuce: wanda ba farar fata ba bai da izinin zama a ciki, sai in ɗan aikin gida ne. Baƙaƙen fata sama da miliyan ɗaya sun sa kaki a yaƙin. Dokar 1944 ba ta ce a ware su ba, sai dai 'yan majalisar Kudu, irin su John Rankin na Mississippi, sun tabbatar an bar aiwatar da ita a hannun jami'ai da bankunan kowane gari. Abin da ya biyo baya: a 1947, cikin bashin gida sama da 3,200 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji a garuruwa 13 na Mississippi, guda biyu tak suka je hannun baƙar fata. Biyu, Malam Edita.

Kada a ce son zuciyar Levitt ne ko halin mutanen Kudu kawai. Tun cikin shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane sama da 200, ta shafa wa unguwanni launi huɗu, kore da shuɗi da rawaya da ja. Kusan duk inda baƙaƙe ke zaune ja aka shafa masa, ma'ana wurin haɗari ne ga mai ba da bashi. Hukumar da ke tsaya wa masu bashin gida, wadda aka kafa a 1934, ta rubuta a littafin aikinta cewa cakuɗuwar jinsi na karya darajar unguwa. Duk wanda ya taɓa mallakar ko ciki da falo ya san abin da wannan ke haifarwa. Gida shi ne abin da kake jinginarwa in ciwo ya zo, shi kake bar wa magada, da shi ake kallonka in ka je neman wa ɗanka aure. A can kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantar gwamnati daga harajin gidajen yankin yake fitowa, don haka unguwar da aka hana bashi, makarantarta ma ta rame. Mutum biyu na tsaye kafaɗa da kafaɗa a layin haɗa mota, albashi ɗaya, ƙungiya ɗaya. Bayan shekara talatin ɗaya ya bar wa 'ya'yansa gidan da kuɗinsa ya ninka, ɗayan ya bar musu rasiɗan haya.

Gani ya kori ji. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce a jihar Michigan, kuma a 2016 da ta haihu suka aiko mana da tikiti ni da uwarta. Da surukina ya tambaye ni inda nake so a kai ni, a zatonsa zan ce gidan tarihin Ford ko bakin kogi. Na ce ya kai ni katanga. Bai ma san da ita ba, sai da ya nemo a waya. Tana kusa da titin nan da ake kira Eight Mile, wato layin da malaminmu ya ja a allo. A 1941 aka gina ta. Wani magini ne ya so ya yi wa fararen fata sabuwar unguwa, hukuma ta ce ba za ta tsaya masa ba saboda akwai baƙaƙe a maƙwabta, sai ya ce to in ya raba su da katanga fa? Aka ce ya yi. Ya gina, aka ba shi.

Na yi zaton zan ga wani abu irin ganuwar Kano. Ashe 'yar katanga ce ta kankare, tsayinta ƙafa shida, kaurinta ƙafa ɗaya, tsawonta wajen rabin mil, ta ratsa ta bayan gidajen mutane. Da na tsaya jikinta, hulata ta kusa kai bakinta. Duk yaron Rigasa zai haye ta ba tare da ya ajiye rakensa ba. A wani filin wasan yara an yi mata zane-zane masu launi, har da hoton Rosa Parks, baƙar matar nan da ta ƙi tashi wa farar fata daga kujerar bas. Sanyin Oktoba na ratsa rigata, na ɗora tafin hannuna a kanta, na daɗe ban ce komai ba, har surukina ya ce, "Baba, lafiya?" Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yau gaba da bayan katangar duk baƙaƙen fata ne. Waɗanda aka gina ta dominsu tuni suka kwashe suka ƙara gaba. Katangar ba ta tare kowa ba, layin ne ya tashi ya koma wani wuri.

Daga nan muka biya Dearborn sayen naman halal. Garin nan shi ne wanda Orville Hubbard ya riƙe a matsayin magajin gari daga 1942 zuwa 1978, yana alfahari a fili cewa baƙar fata ba zai zauna masa a gari ba. Yau Larabawa ne suka cika shi, ga ɗaya daga cikin manyan masallatan Amurka, ga rubutun Larabci a kan shaguna. Na ce Allah mai iko.

Yadda fararen suka kwashe shi ne abin da nake so mutanen Kaduna su saurara da kyau. A 1948 kotun ƙoli ta ce kotuna su daina tilasta wa mutane bin sharaɗin nan na hana sayar wa baƙar fata gida. Sai dillalai suka samu kasuwa. Dillali zai sa baƙar fata ɗaya a layin fararen, sannan ya bi gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa: kun ga sun fara shigowa, ku sayar tun gidan na da daraja. Har akan yi hayar mace baƙa ta riƙa tura keken jariri tana kai da kawo a layin don a gani. Mai gida ya tsorata ya sayar a wulaƙance, dillali ya juya ya sayar wa baƙar fata da tsada, tunda shi ba shi da wani zaɓi kuma banki ba ya ba shi bashi. La'ada ta gaba, riba ta baya. A 1956 kuma aka yi dokar manyan tituna, mil 41,000, wadda marubucinku ya yaba. Titunan sun sauƙaƙa wa mai mota ya kwana a bayan gari ya yi aiki a cikin gari, kuma a Detroit ta kan titin Hastings aka bi da su, inda nan ne kasuwa da coci-coci da wuraren kiɗan baƙaƙen fata suke. Aka rushe.

Mu 'yan ƙungiya ma muna da namu abin kunya a labarin. A Yunin 1943, ana tsakiyar yaƙi, ma'aikata farare 25,000 suka ajiye aiki a kamfanin mota na Packard da ke Detroit don kawai an ƙara wa baƙaƙe uku girma an kawo su layinsu. A watan nan dai rikici ya ɓarke a garin, mutum 34 suka mutu, 25 baƙaƙe. A sana'ata kuwa, jihar South Carolina tun 1915 take da dokar da ta hana baƙi da fari aiki a ɗaki ɗaya a masaƙa, har ƙofar shiga da tagar karɓar albashi an raba. Audugar da kakanninsu suka noma a bauta, jikoki ba su da izinin tsayawa gaban injin da ke saƙa ta, sai shara da dako, har cikin shekarun 1960.

Sauran labarin yaran makaranta ma sun san shi, ba zan ja ba. Kotun ƙoli ta haramta raba makarantun baƙaƙe da farare a 1954. Baƙaƙen garin Montgomery suka yi kwana 381 suna tafiya a ƙasa sun ƙaurace wa bas saboda wariyar kujeru. A 1957 sai da Eisenhower ya tura sojojin laima kafin yara baƙaƙe tara su shiga makarantar farare a Little Rock. A shekarar ce aka hana ministan kuɗin Gana, Komla Gbedemah, zama ya sha lemo a wani gidan abinci a Delaware, har shugaban ƙasa ya gayyace shi karin kumallo a fadarsa don a wanke kunya. Akwai wani hoto da nake so, na mai busa ƙahon nan Louis Armstrong tare da Sardauna a nan Kaduna a 1960, suna dariya. Gwamnatinsu ce ke tura irinsa ƙasashenmu don a nuna mana baƙar fata na da daraja a Amurka, alhali shi ɗin ne shekara uku kafin nan ya fasa zuwa Rasha a madadin gwamnatin saboda fushin abin da aka yi wa yaran Little Rock. Aka yi dokar 'yancin jama'a a 1964, ta zaɓe a 1965. Ta gidaje ita ce ta zo ƙarshe, a Afrilun 1968, kuma sai da aka kashe Martin Luther King da mako guda, birane na ci da wuta, sannan aka sa mata hannu. Kujerar bas an saki, akwatin zaɓe an saki, maganar wa zai zama maƙwabcina ita aka riƙe har ƙarshe.

Kafin nan Detroit ta riga ta ƙone. A Yulin 1967 'yan sanda suka kai samame wata mashaya inda ake walimar sojoji biyu da suka dawo daga Vietnam, aka kwana biyar ana tarzoma, mutum 43 suka mutu. Masu hali suka ƙara ficewa, masana'antu ma dama sun fara bin su. A 1974 kotun ƙoli ta ce ba za a tilasta haɗa makarantun cikin birnin da na bayan gari ba, wato yaro makarantar inda ubansa ya samu gida zai yi. Birnin da ke da mutum kusan miliyan 1.85 a 1950 ya dawo bai kai 640,000 ba a ƙidayar 2020, kuma a 2013 hukumar birnin ta shiga kotu ta ce ta karye.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bari in sauko gida.

A 1984 na gama gina ɗaki huɗu a Unguwar Television, da kuɗin adashi da bashin asusun ƙungiya. Na dasa mangwaro a tsakar gida. Maƙwabcina na dama mutumin Bajju ne, injinsa na kallon nawa a masaƙa, in zarena ya tsinke ina bayi shi ke ɗaura mini. Ran Sallah matata ta aika musu da nama da waina, ran Kirsimeti nasu tuwon shinkafar ya zo, kuma saboda mu Musulmi yake kira ya yanka masa akuya. Ba wai muna yin haka don a ce muna zaman lafiya ba ne, ko kalmar ba mu amfani da ita. Zama ne kawai.

Ran Litinin 21 ga Fabrairun 2000 ina aikin safe. Kafin azahar hayaƙi ya rufe gari, aka kulle ƙofar masaƙa muna ciki, Musulmi da Kirista, kowa na tunanin nasa. Kwana biyu ban san halin da iyalina ke ciki ba. Ashe matar maƙwabcin nan ce ta jawo su ta katangar baya, ta cusa su ɗakin ajiyarta bayan buhunan masara, ta sa wa 'yata ƙarama hannu a baki duk sanda aka zo wucewa. A rana ta uku sojoji suka kwashe su zuwa bariki, can na same su. A barikin nan na haɗu da wani abokin aikinmu Kirista daga Tudun Wada, wanda shi kuma wani tela Musulmi ya ɓoye a shagonsa. Mutum sama da dubu sun mutu a garin nan cikin 'yan kwanaki. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba.

Tun muna kwance a bariki dillalai suka fara zagayawa tsakanin tabarmi. Wanda ya zo wurina ya durƙusa ya yi mini jaje sosai, har da ƙwalla, sannan ya rage murya ya ce, "Alhaji, ka sayar tun ana tayawa. Nan da wata uku ko kyauta ka bayar ba mai karɓa." Ya taya naira 250,000, gidan da na san ya haura 800,000. Na ce albarka. Da aka sake taɓawa a watan Mayu, ni da ƙafata na neme shi na ce na sallama. Shi ɗin dai ya samo mini gidan da nake ciki yanzu a Rigasa, da tsada, ya ce masu shi sun tashi. Ranar da muka tare, a bayan ƙofar ɗakin tsakiya na ga an ja 'yan layuka da biro, ɗaya bisa ɗaya, kowane da suna da shekara a gefensa. Wani uba ne ke auna tsayin 'ya'yansa. Sunayen na Kirista ne, layin ƙarshe na Disambar 1999. Na shekara shida ban bari an yi wa ƙofar nan fenti ba. A daren farko, ina kwance ina kallon silin, malamin nan mai cin tuwo da cokali ya faɗo mini a rai, da allinsa.

Ban ce lamarin ɗaya ne ba. A Amurka gwamnati ce da bankuna suka ja layin, kuma ɓangare ɗaya ne ke sama, ɗaya a ƙasa, da tarihin bauta a bayansu. Mu a nan ba wata hukuma da ta shafa wa taswira ja, tsoron da ya kore mu kuma na gaskiya ne, mun ga gawa da idonmu, kuma kowane ɓangare ya yi kuka. Abin da aka sake yi a Nuwamban 2002 da Afrilun 2011 ya ƙara tabbatar wa wanda ya tashi cewa ya yi dabara. Ni kaina in aka ce in koma Television yau da iyalina, zan yi ta istihara. Amma yadda abin ke tafiya bayan an ja layin, wannan kam na gane shi sarai. Dillali ya ci gaba da baya. Mai gida ya tambayi sunanka kafin ya gaya maka kuɗin haya, in sunan bai yi masa ba ya ce an riga an kama. Makaranta ta bi unguwa. Har laƙabi aka yi wa gari, wannan gefen kogi Makka, wancan Kudus, ana faɗa ana dariya.

Akwai ma inda muka fi Detroit asara. Su can gidaje a rabe suke tun asali, masana'anta ce ke haɗa su. Mu kuwa da unguwa da masaƙa duk a haɗe muke. Unguwa ta rabu a 2000, bayan 'yan shekaru masaƙar tamu ta rufe, har yau haƙƙinmu na sallama bai fito ba, da yawa cikin abokan aikina sun mutu suna jira. Jiniyar da ke tara dubban mutane daga Kawo da Sabon Tasha da Nasarawa da Tudun Wada a ƙofa ɗaya ta yi shiru. Kamfanin haɗa Peugeot da aka buɗe a 1975, wanda ya sa muke ganin Kakuri ita ce Detroit ɗinmu, shi ma ba kamar da ba. Abin da ya rage kasuwa ce da ofis. Ka tsaya bakin gada kusa da filin wasa na Ahmadu Bello da yamma ka ga ikon Allah: mutanen da suka yini suna ciniki da raha tare, kowa na sauri ya ƙetare zuwa gefensa kafin duhu.

Jikan nan nawa da ke buga wannan wasiƙa shekararsa 19, a Rigasa aka haife shi. Yanzu na tambaye shi ko ya taɓa cin abinci a gidan Kirista. Ya ce yana da abokai da yawa a Facebook. Na ce ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ya yi shiru, ya ce wai kada in sa wannan a jarida. Ka rubuta, ja'iri. Uwarsa ita ce yarinyar da aka toshe wa baki a bayan buhunan masara, kuma bai taɓa ganin matar da ta yi hakan ba. Laifina ne wannan, ba nasa ba. Bara da mijinta ya rasu ni kaɗai na hau Keke Napep na je gaisuwa. Na leƙa tsohon gidana, an sare mangwaron an yi shago a wurin, wani saurayi ya fito ya ce, "Baba, wa kake nema?"

Ga roƙona gare ka, Malam Edita. Bayan dokar gidaje ta 1968, masu fafutuka a Amurka sun riƙa wata dabara: a tura mutum biyu, baƙi da fari, da irin tufafi ɗaya da albashi ɗaya a baki, su je wurin dillali ɗaya neman gida ɗaya, a rubuta abin da aka gaya wa kowanne. Da haka suka riƙa kama masu cewa an riga an kama. Kuna da matasan 'yan jarida. Ku tura biyu, ɗaya mai sunan Musulmi ɗaya mai sunan Kirista, su nemi ciki da falo a Rigasa da Unguwar Sanusi da Badarawa, sannan su ƙetare su nema a Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi. Ku buga mana amsar da kowa ya samu da kuɗin da aka yanka masa, ba tare da sunan kowa ba. In kuɗin mota ne matsalar, 'yata ta aiko mini da ɗan abin sayen magani, zan biya na Keke. Jikana ma ya ce zai raka su, in sun biya ta Television ya tsaya ya gaida wata tsohuwa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon ma'aikacin masaƙa,
Rigasa, Kaduna.